Ɗiyan Risor Huɗu

Rana ta riga ta faɗa bayan gadar Malanbil, amma duhu bai gama sauka a Gaya ba. Kaji sun fara neman akurki, hayaƙin murhu ya kwanta ƙasa-ƙasa a kan katangu, ladan yana gyaran murya. A gidan Siddo direba, matarsa Bibata tana tsugune gaban tukunya tana tuƙa ɗan abin da ya samu, don shekarar fari ce, kowace mace ta koyi auna gari da ido. 'Yarsu Fadima, mai shekara goma sha uku, wadda ita kaɗai Allah ya bar musu cikin haihuwa biyar, tana ɗauraye kwanuka a bakin randa.

Shi kuwa Siddo yana ƙofar gida yana zagaya motarsa kamar wanda aka kawo wa amarya. Tsohuwar katkat ce, mai shiga yashi da laka, wadda ya shekara tara yana jigilar mutanen ƙauye da ita. A ranar ne aka ƙara mata ƙarafan risor a ƙafafun baya, bayanta ya ɗaga, ta miƙe tsaf. Ya danna ta da hannu biyu, ta turo shi sama, ya yi dariya shi kaɗai. Direba dai ko ranar sunan ɗansa ba lalle ya yi irin wannan murna ba.

Dutse na farko a cikin turmi ya faɗa. Bibata ta ɗaga kai ta yi wa yaran maƙwabta faɗa, babu wanda ya amsa. Na biyu ya faɗa cikin kwanon da ke hannun Fadima. Yarinyar ta ɗauka ta juya shi. Tsakuwar kogi ce sumul, jiƙe sharkaf, da sanyi kamar yanzu aka tsamo ta. Alhali rabon garin da ruwan sama wata takwas, kogin kansa ya janye ya bar yashi.

"Inna," ta ce a hankali, "dutsen ga da ruwa."

A daidai nan motar da babu kowa a cikinta ta fara lilo. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, ƙarafan suna kuka siriri. Siddo ya ja da baya har ya bugi bango. Sai aka ji murya, ba daga sama ba, ba daga bayan katanga ba, daga can ƙasa kusa da ƙafafun mutum. Muryar tsohuwa ce, ba ta ihu, a gajiye take kamar wadda ta yini tana yawo.

"Ina ɗiyana?"

Ladan ya kira salla, motar ta tsaya cak. Tuwon ranar a tukunya ya kwana.

Abin da ya kai Siddo ga ƙarin risor ba sha'awa ba ce. Zamanin soja ne, kuma da yunwa ta yi tsanani aka sa duk motar da ke iya shiga daji cikin aikin rabon cimaka. Wani hafsan soja, liyetna, saurayi mai ɗan gashin baki, ya dubi katkat ɗin Siddo a gaban magaza, inda ake ajiye hatsin rabo, ya ga da buhu goma bayanta ya zauna a ƙasa. Ya ce buhu goma sha biyar yake so kowace tafiya, in kuwa mai motar ba zai iya ba, akwai sojan da zai iya da ita. A wancan lokaci irin wannan magana ba a tambayar ma'anarta. Siddo ya wuce kai tsaye wurin Hama makanisiye, abokinsa tun suna yara.

Hama ya shiga ƙarƙashin motar ya fito yana goge hannu.

"Risor kamar gida yake, Siddo. Doguwar ga ta sama mai kunne biyu, ita ce uwa. Gajerun da ke kwance ƙarƙashinta, ɗiyanta ne. Uwayenka lahiya lau suke. Ɗiya za ka ƙaro, biyu hagu, biyu dama."

"Ina zan same su?"

"Nan gizo ke saƙa. Tun da anka ruhe iyakar Najeriya ko ƙusa ba ta shigowa daga Kamba."

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Siddo ya tuna da wata mushen mota ta zamanin Nasara da ke kife cikin ciyawa a gangaren kogi, inda jirgin fito ke tsayawa kafin a gina gada. Kowa ya san da ita, kowa kuma ya san masunta ba sa ɗaure kwale-kwale kusa da ita, amma ba wanda ya taɓa faɗin dalili. Ya je da almuru don kada jandarma su gan shi su yi masa tambaya. Ya kwance ƙusar tsakiyar risor ɗinta da kyar, ya zare gajerun ƙarafa huɗu, faɗinsu ɗaya da na motarsa. Doguwar ta yi kauri, ba ya bukatarta, ya bar ta nan kwance. Bai yi sallama da ya isa ba, bai yi bisimilla da ya sa hannu ba. Hankalinsa yana kan liyetna. Mafi ƙanƙanta cikinsu bakinsa ɗaya ya tsage saboda tsatsa, Hama ya sa zarto ya datse kamar taƙi guda, ya jefa guntun cikin tarkace.

Duk wannan Siddo ya san shi, amma mai tsoro ba ya haɗa biyu da biyu. Da aka ce ɗiya, mutane ya yi ta nema a ransa. Ya tuna duk yaron da ya taɓa ɗauka a mota, duk akuyar da ya taɓa bankewa a hanya, bai ga inda ya raba wata uwa da 'ya'yanta ba.

Motar kuwa aiki take kamar ba ita ba. Buhu goma sha biyar ta ɗauka zuwa Karakara ko gezau, liyetna har ya dafa kafaɗarsa. Amma kowace magariba duwatsu suna sauka a tsakar gida, jiƙaƙƙu, ba sa samun kowa, sai dai su faɗi daf da ƙafa. Kowace magariba muryar tana tambaya, kullum kuma tana ƙara matsowa kusa da ɗaki. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta. Bibata ta tara duwatsun a ƙwarya ta kai bayan gari, kafin ta dawo ƙwaryar ta sake cika.

Ranar ta huɗu, Fadima ta tsuguna za ta ɗauki buta, sai ta tsaya a haka. Uwarta ta kira ta sau biyu. Yarinyar ta faɗi a gefe, bayanta ya lanƙwashe kamar baka, kai da dugadugai kaɗai ke taɓa ƙasa. Da ta buɗe baki, muryar tsohuwar nan ce ta fito.

Daga ranar gidan ya zama gidan jinya. An kai ta likita, aka duba aka ce ba zazzaɓi, ba sanƙarau, aka ba da ƙwayoyi, haƙoranta suka ƙi buɗewa. Abinci ba ya shiga, ruwa sai an ɗiga da auduga. Abin da ya fi tayar wa Bibata hankali shi ne safiya. Da hantsi ya yi, daidai lokacin da ake loda motar a magaza, sai yarinyar ta fara nishi, ƙirjinta yana lotsawa kaɗan-kaɗan, tana cewa "nauyi, nauyi" da wasu ƙananan muryoyi da ba nata ba. Haka za ta yini, sai can bayan azahar ta samu numfashi. Siddo ba ya ganin wannan, yana hanya. Kullum yakan fita da asuba yana waiwayen ƙofar ɗakin, yana tuƙi hawaye na hana shi ganin rami. In ya zauna gida a karɓe motar, wataƙila a haɗa da shi. In ya tafi, bai san ko zai tarar da 'yarsa da rai ba. Gaba kura, baya siyaki.

Ranar ta bakwai Bibata ta tare shi a zaure, idanunta sun kumbura.

"Maigida, huɗu munka binne. In wagga ta tahi, ka haƙa rami biyu. Yau Tanda za ka kai kaya, kada ka dawo mini sai da Alfa Zakariya'u."

Alfa Zakariya'u tsoho ne ɗan ƙanƙane, mai farin gemu kaɗan a haɓa, wanda ba ya ɗaga murya ko da almajiransa. An san shi daga Tanda har tsallaken kogi da sha'anin mutanen ɓoye. Ya saurari Siddo har ya gama, ya ɗauki buta da tasbaha da ɗan gafaka ya shiga gaban mota. Sun yi tafiya kaɗan cikin giginyu, motar ta faɗa wani rami ta fito. Tsohon ya karkata kai.

"Tsaya."

Ya sauka, ya zagaya baya, ya durƙusa a kan yashi mai zafi, ya kai kunnensa kusa da taya. Ya daɗe a haka. Sannan ya nuna da yatsa.

"Ɗana, mi sunan ƙarhen ga dogo?"

"Risor ne, Allah gafarta Malam. Wannan ita ce uwa."

"Waɗanga huɗu da tsatsarsu ta bambanta fa?"

"Su ɗiy..."

Nan take Siddo ya gane waɗanne ɗiya ake nema. Ya zauna daɓas a tsakiyar hanya ya ɗora hannu a ka. Kwana bakwai yana ɗora buhu goma sha biyar a kan abin da ke danne ƙirjin 'yarsa, yana kuma jin daɗi motarsa ba ta lotsawa.

"Tashi," in ji Alfa. "Kuka bai kwance ƙusa. Ka tuƙa a hankali, ka kauce ma ramu."

Kafin su isa gida sai da Siddo ya biya magaza, ya cire hula ya roƙi liyetna kwana ɗaya. Da ya faɗi dalili, sojan ya kalle shi sama da ƙasa.

"Aljanin naka galon soja nawa gare shi a kahwaɗa? Gobe da sahe in ga mota nan da buhu goma sha biyar. In ba ta iyawa, ka kawo makulli."

Bayan la'asar Hama ya zo da kirik da makullan aiki. Ya ɗaga motar, ya kwance ƙarafan ɗauri. Bai taɓa yin aiki da bisimilla a bakin kowace ƙusa ba sai ranar. Aka zare ƙarafan huɗu, Alfa ya sa aka wanke su da ruwan kogi, aka jera su a kan farin ƙyalle a tsakar gida. Aka fito da Fadima a kan tabarma aka kwantar kusa da su. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo.

Rana ta yi ja. Alfa ya dubi mutanen uku ɗaya bayan ɗaya.

"Ni kaɗai zan yi magana da ita. Duk abin da ta ce, kada wanda ya amsa. Mutanen ɓoye ba su san wasa da baki ba. In ka ce na yarda, an ɗaura, ko ni ban iya kwancewa."

Ya zauna wajen kan yarinyar ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Iska ta ɗauke. Ko kukan jaki babu a unguwar. Dutse ɗaya ya faɗo, ya mirgina, ya tsaya a gaban gwiwarsa. Ya yi tofi a ruwa ya yayyafa mata a fuska. Idanun Fadima suka buɗe, amma ba ita ce ke kallo da su ba.

"Salamu alaikum, baiwar Allah," in ji Alfa. "Wace ce ke?"

"Uwa ce."

"Mi ya kawo ki jikin ɗiyar mutane?"

"Abin da ya kai ubanta gidana." Muryar ta ja numfashi. "Cikin ruwa muke tun kakannin kakanninku. Ruwa ya janye, yashi ya yi wuta. Kuna tsammani ku kaɗai fari ya kama? Na kwashe ɗiyana na sa su cikin ƙarhen nan don shi ke riƙe sanyi. Na tahi neman abin da za su ci, na dawo na iske ni kaɗai."

Bibata ta toshe bakinta da gefen zane, tana kuka ba sauti.

"An yi miki laihi," in ji Alfa, "amma cikin rashin sani. Ga su nan. Kamin a kira isha'i an mai da su inda anka ɗauko su, da sallama da ban haƙuri. Ki karɓi naki, ki bar musu tasu."

Hannun yarinyar ya miƙa a hankali. Ya shafa ƙarfe na farko daga baki zuwa baki, kamar yadda uwa ke shafa bayan yaro. Ya shafa na biyu, ya shafa na uku. Da ya zo kan ƙaramin, yatsun suka bi shi har suka kai inda zarto ya ci, suka tsaya. Suka koma farko, suka sake biyowa. Sai wani kuka ya fito daga ƙirjin Fadima wanda ya sa kajin da ke akurki suka fashe da kyarkyara.

"Auta! Ina ƙahwarshi?"

Alfa ya dubi Hama. Makanisiyen ya matso ya raɗa masa a kunne cewa wani maƙeri daga Malanbil ya kwashe tarkacen tun ranar kasuwa, kuma ƙugiyoyin kamun kifi yake ƙerawa. Guntun nan yanzu ya zama ƙugiya talatin ko arba'in, a hannun masunta talatin ko arba'in.

"Na ji," in ji muryar, ta koma sanyi. "To, ƙahwa da ƙahwa. Zan hita, Alfa, don girman abin da kake karantawa. Amma da ƙahwar hagun ɗiyarshi zan tahi."

"Ba ki da wannan. Yarinya ba ta ɗauka ba, ba ta yanke ba. Ba a kama wani da laihin wani, ko a shari'arku."

"Auta mi ya yi?"

Tsohon ya ajiye tasbaharsa. Ya gyara zama, fuskarsa ta ɗaure.

"In kin ƙi hita da lalama, zan karanta miki abin da zai ƙone ki."

"Karanta. Cikinta nake. Mu ƙone tare."

Ya ɗaga murya, karo na farko. Ayoyin suka riƙa fita da ƙarfi, gumi yana bin gemunsa. Jikin yarinyar ya riƙa bugun tabarma. Ƙafarta ta hagu ta fara murɗewa daga idon sawu, a hankali, kamar ana matse wanki, yatsun suna lanƙwashewa ciki. Wataƙila da an bar Alfa ya kai ƙarshen surar da ya ci nasara. Wataƙila kuma da ya ci nasara a kan gawa. Allah kaɗai ya san wannan. Abin da aka sani shi ne, a tsakiyar karatun muryar tsohuwar ta janye, ta bar ta Fadima ta fito, 'yar siririya, a tsorace.

"Baba! Ƙahwata, Baba!"

"Ɗauki tawa!" Siddo ya faɗi a kan gwiwoyinsa. "Ni na ɗauko su, ni na kai a yanke. Ɗauki tawa, na yarda!"

Karatun ya yanke. Alfa Zakariya'u ya rufe idanunsa, ya sunkuyar da kai, ya ce innalillahi a hankali. Kan yarinyar ya juyo wajen ubanta, idanun nan da ba nata ba suka daɗe a kansa.

"Direba, ka san wace ƙahwa?"

"Na sani."

"Da ita kake taka ambiriyaj in za ka sa giya. Da ita kake ci."

"Na sani."

Can aka ji ladan na nesa ya fara kira.

"Ashe kai ma uwa ne," in ji muryar. "Alfa, ku kai mini ɗiyana. Ku riƙe ƙaramin da hannu biyu."

Fadima ta yi atishawa sau uku, bayanta ya saki, ta kwanta shimfiɗe a kan tabarma kamar kowace yarinya mai barci. Alfa ya naɗe ƙarafan cikin ƙyallen, ya ba Hama uku, shi ya rungumi ƙaramin a ƙirji. A bakin zaure ya tsaya ya waiwayi Siddo, kamar zai yi faɗa, sai ya fasa, suka nufi gangaren kogi.

Bibata ta ɗiga wa yarinyar ruwa, ta haɗiye. Ta ƙara, ta kama kofin da hannunta ta shanye. Ta tashi zaune tana duban tsakar gida, da motar da ke ɗage a kan kirik ta bakin ƙofa, da ubanta da ke zaune a ƙasa cikin toka kusa da murhu.

"Inna, yunwa nake ji. Baba, mi kake yi a ƙasa? Tashi mana."

Siddo ya dafa ƙasa ya yunƙura. Ƙafar dama ta amsa. Ta hagu tana nan shimfiɗe a gabansa, ba ciwo, ba jini, sanyi kawai, kamar itacen da wani ya ajiye ya manta. Ya tsunkule ta ta cikin wando, bai ji komai ba. Bibata ta gani, ta buɗe baki, ya girgiza mata kai. Ya san gobe da safe soja zai karɓi makulli, ya kuma tarar abin bai dame shi ba ko kaɗan.

"Na gaji ne, ɗiyata," ya ce. "Ke taso ki zo nan."

Ta miƙe tana layi kaɗan don yunwa. Ta tako tsakar gidan, dama, hagu, dama, hagu, tana barin sawu biyu cikakku a kan ƙasa, har ta iso ta tsaya a gabansa. Ya dubi ƙafafun ya daɗe, hawaye na zuba a gemunsa.

"Koma bakin randa," ya ce, "ki sake tahowa in gani."